Tsawon Hannun Tarwaɗa

Tarwaɗa ake ce masa a tashar jiragen ruwa, saboda dogon gashin bakinsa, da kuma yadda ruwa mai laka ba ya damunsa. Shekara ashirin da shida yana yi wa kamfanin gyaran jirage nutso. Aikinsa shi ne ya goya tukunyar iska, ya shiga ƙarƙashin jirgi, ya nemo inda tsatsa ta ci ƙarfe, ko inda walda ta tsage, ko inda igiya ta nannaɗe farfela. In ya sami wurin sai ya ɗauki hotonsa ya kawo ofis. Da hoton nan ake yanke shawara: a fito da jirgin tudu a yi masa aiki, ko a bar shi ya ƙara wata shida a ruwa.

Kyamarar da yake aikin da ita ta girmi rabin ma'aikatan kamfanin. Baƙa ce, gajeriya, ga nauyi kamar dutsen guga. Fim take ci, hoto talatin da shida a sawu ɗaya, kuma ba ta san komai da kanta ba. Wasu 'yan kunnuwa biyu gare ta a gefen ido, ɗaya a murɗa shi don nisa, ɗaya don haske. In mutum ya murɗa daidai ta ba shi hoto, in ya kuskure ta ba shi dishi-dishi.

A wurin wani mai sayar da tarkacen jirage ya tsince ta tun kafin ya yi aure, cikin kwali ɗaya da matattun fitilu. Shekara uku yana ɗaukar 'yan gidansu hoto da ita, kuma duk sanda hadari ya haɗo sai ya cusa ta cikin riga ya nemi rumfa. Ana nan, wata rana mai wankin hoto da ke bayan kasuwa, wanda kowa ke kira Mai Wanki, ya karɓe ta ya jujjuya, ya buɗe murfin, ya ga zoben roba kwance a bakinsa. Ya yi dariya har da tari.

"Bawan Allah, shekara nawa kana kare kifi daga ruwan sama?"

Kafin wannan rana da baki Tarwaɗa ke ba da rahoto. Ya fito yana ɗigar ruwa, ya ce tsagar ta kai kaza, injiniyoyi su kalli juna. Da kyamara ta shiga ruwa, gani ya kori ji.

Ba nan da nan ba dai. Ruwa maƙaryaci ne: yana jawo abu kusa, ya kumbura shi, ido ya rantse kamu biyu ne alhali uku ne. Lambobin da ke jikin kunnen nisa ba su tsinana masa komai ba. Sai da ya yi asarar fim huɗu kafin dabara ta zo masa. Ya miƙa hannun hagu iya tsawonsa har yatsu suka taɓa jikin jirgi, ya manna kyamara a gilashin fuskarsa da hannun dama, ya yi ta ɗauka yana murɗa kunnen kaɗan-kaɗan yana ƙidayawa, har fim ya ƙare. Na goma sha tara ne ya fito tangaran, har ana ƙirga ƙusoshi. Ya mayar da kunnen inda yake a na goma sha tara, matarsa, lokacin tana amarya, ta ɗiga masa jan farce a wurin, kuma daga ranar bai ƙara taɓa shi ba. Hannunsa ya zama ma'auninsa. Shi ya sa duk hoton da ke cikin kabad ɗin ofis, ɗaruruwansu, akwai yatsun Tarwaɗa a gefe suna nuna ciwon jirgin. Injiniyoyi ma abin ya yi musu daɗi, don da faɗin yatsan suke kimanta girman tsaga.

A gida tebur ɗaya ne a falo, kuma su biyu ke nemansa. Matarsa tela ce, nan kekenta yake. Amma duk yammacin da washegari zai shiga ruwa, sai ta ture keken gefe ta share zare, shi kuma ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya zaro zoben robar nan da gefen wani tsohon kati. Ya wanke shi, ya ɗaga shi a haske, ya shafa masa mai kaɗan kamar mai tsoron ya ƙare, ya mayar. Silin gashi ɗaya in ya kwanta a kan zoben, ruwa ya sami hanya. Ta sha gaya masa da yana lallaɓa 'ya'yansu uku yadda yake lallaɓa robar nan, da duk sun zama likitoci. Amsarsa ɗaya ce kullum: su ai ba sa yoyo.

A shekara ta ashirin da shida hotunan suka fara lalacewa. Fim na farko ya fito kamar an hura masa numfashi a ido. Na biyu ya fi na farko muni. Na uku kuwa, har shi mai ɗaukar sai da ya juya hoton sama da ƙasa kafin ya gane farfela.

Injiniyar da ke kula da masu nutso mace ce, sa'ar 'yarsa ta fari, mai magana a hankali. Ta kira shi ofis, ta baje hotunan a kan tebur, ta ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Baba, wannan tsaga ce ko ciyawa?"

Ya sunkuya ya duba. "Tsaga ce, Injiniya. Har farce na sa a ciki."

"Ni na yarda da kai. Amma mai jirgi ba zai fito da jirginsa tudu saboda farcenka ba."

Sauran masu nutson duk sababbin kyamarori gare su, masu nuna hoto nan take. Sau biyu ta ba shi ɗaya. Ya gwada, ya ga a ruwan laka ƙananan tarkacen da ke yawo take bi ta bar ƙarfen, ga shi allon ya yi masa ƙanƙanta ba tabarau. Ya dawo da ita da godiya. Injiniya ba ta matsa ba, tun da nasa hotunan sun fi na kowa. Yanzu wannan hujjar ta ƙare.

"Ranar Litinin babban jirgin fito zai shigo," ta ce, tana haɗa hotunan wuri ɗaya. "Kai za ka duba shi. In sun fito, magana ta wuce. In ba su fito ba, mai sito zai yi ritaya ƙarshen wata, kuma ba ni da wanda ya san kayan nan kamar ka."

Siton ɗaki ne ba taga, a bayan wurin walda. Nan ake ajiye tukwanen iska, da igiyoyi, da gilasan fuska, mutum ya zauna a kan kujerar ƙarfe yana miƙa wa masu shiga ruwa kaya yana karɓa. Tarwaɗa da kansa ya daɗe yana tsokanar mai siton, yana cewa nan kamfani ke ajiye tsofaffin igiyoyi da tsofaffin mutane. Bai taɓa kawo wa ransa cewa kujerar tana jiran wani bayan wancan ba.

Daga ofis ya wuce bayan kasuwa. Shagon Mai Wanki ya koma buga ƙananan hotunan takardu daga waya. Fim kuwa, na Tarwaɗa ne kaɗai ya rage, sai na wasu ɗalibai biyu masu son tsohon yayi. Duk da haka ɗakin duhun yana nan a ciki, da labulensa baƙi da warin maganin wankin hoto.

"Maganinka ya tsufa," in ji Tarwaɗa, kafin ma ya zauna.

"Maganina jiya na haɗa shi. Duba wani wurin, akwai abin da ya tsufa a shagon nan, ba shi ba ne."

"To hannunka na rawa."

"Ga na ɗalibai can a rataye, ruwa ɗaya na wanke ku. Je ka ƙirga gashin girar yarinyar can in kana so."

Mai Wanki ya karɓi kyamarar, ya buɗe, ya haska idonta da fitila, ya danna ya saurara. Bai ga komai ba. Sai ya ɗauko hoton farfelar nan ya sa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ya daɗe a kai.

"Zo ka gani. Wannan guntun igiyar da ke can baya, kana ganin saƙarta ɗaya-ɗaya?"

"Ina gani."

"To kyamararka tana gani lafiya lau. Ba inda kake nuna mata take kallo ba, gaba take kallo. Ka taɓa kunnen?"

Tarwaɗa ya juyo masa ɗigon jan farce. Ya koɗe, amma yana nan daram inda aka sa shi.

"To ko idonka ne?"

"Ni ba da ido nake ɗauka ba."

"Ashe. Shi ya sa," in ji Mai Wanki, ya miƙa masa kayarsa. "Tafi ka tambayi abin da kake ɗauka da shi."

Tarwaɗa ya ɗauki wannan a matsayin irin rashin kunyar da suka saba yi wa juna shekara da shekaru, bai ba ta muhimmanci ba.

Hotunan da ofis ya ƙi, gida yake kawo su, don takardar tana da kauri, matarsa na rubuta awon masu kawo ɗinki a bayansu. Gwangwani guda ya cika da su. Ranar Asabar da rana tana neman awon wata tsohuwar mai kawo mata aiki, ta zazzage gwangwanin a kan tebur, na da da na yanzu suka cakuɗe, wasu a kife wasu a buɗe. Ta tsaya da neman.

"Malam, zo ka ga wani abu."

Ya taso daga inda yake shan shayi. Ta jera hotuna biyar. A na farko, wanda ya yi shekara goma, yatsu huɗu ne 'yan ƙanana a can gefe. A na bara sun ɗan ƙaru. A na makon jiya hannun ya cinye kusan sulusin hoton.

"Hannunka yana girma," ta ce.

"Ƙiba na yi."

"Ƙiba a ina? Ni ke rage maka ƙugun wando." Ta zare tef ɗin awo daga wuyanta. "Tsaya jikin bango. Miƙa na dama."

Ya tsaya don kada a ce ya ƙi. Ta auna daga kan hancinsa zuwa ƙarshen yatsa.

"Inci talatin da ɗaya. To na hagu."

Ya miƙa.

"Miƙa mana."

"Na miƙa."

"Miƙa sosai, ba gaisuwa za ka yi ba."

"Ke, na ce na miƙa."

Ta auna, ta sake aunawa, sannan ta riƙe tef ɗin da farce ta kawo masa kusa da ido. Ashirin da huɗu. Ya juya kai ya dubi hannun kamar na wani ne aka ara masa. Gwiwar hannun a lanƙwashe take kamar mariƙin buta, kafaɗar kuma ta ɗaga ta tsaya a rabin hanya. A jikinsa kuwa ji yake ya miƙe shi sambal.

"Tun faɗuwar da ka yi a matakala bara," ta ce, tana naɗe tef. "Hannun hagu kake fara sa wa riga yanzu, da kuwa na dama ne. Abu in yana saman kabad ni kake aika, kai da ka fi ni tsawo. Na zaci shagwaɓar tsufa ce."

Ya sauke hannun. A ruwa hannun ba ya ciwo, don ba shi da nauyi a can. Yana tafiya iya inda zai iya ya tsaya, yatsu su taɓa ƙarfe, shi kuma ya danna. Wata da watanni yana matsowa kusa da jirage da inci ɗaya, inci biyu, bai sani ba, kyamarar tana nan tana kallon inda aka ce ta kalla shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

Da yamma ya je wurin wani mai walda a unguwa, aka yanko masa siririn ƙarfe aka ɗaure shi a gindin kyamarar, yana nuna gaba. Matar ce ta auna tsawon, sau biyu, daidai da hannun dama. Ya ɗaga kyamarar ya tokari bangon falo da ƙarfen, ya yi murmushi karon farko a makon.

"Sanda za ta gyara hoto," ta ce. "Hannun fa?"

"Hoto aka tambaye ni."

Ranar Litinin da hantsi jirgin fiton ya shigo, aka ɗaure shi, aka kashe injin. Dogo ne mai riƙe wa Tarwaɗa igiya, shekara goma sha tara suna tare. Igiyar ita ce bakinsu: ja ɗaya daga sama tambaya ce, ja ɗaya daga ƙasa lafiya ce, ja huɗu a fito da ni. Da ya ga ƙarfen nan a jikin kyamara ya ɗaga gira.

"Yau kuma kamun kifi za ka?"

"In na kamo ba ka ci."

Ruwan ƙarƙashin jirgin kore ne mai duhu, mutum ba ya ganin abin da ya wuce kamu uku. Tarwaɗa ya bi layin walda da tafin hannu kamar yadda ya saba, daga gaba zuwa baya. Ya sami tsaga biyu kusa da tsakiya, da wani wuri da tsatsa ta ɓurme kusa da farfela. A kowane wuri ya tokara ƙarfen, ya riƙe numfashi, ya danna. Ya ɗauki ashirin da takwas.

Yana juyowa daga wurin farfela ya ji an riƙe shi ta baya. Guntun tsohuwar komar kamun kifi ce da ta maƙale a ƙarƙashin jirgin, ta kama kan tukunyar iskarsa, daidai bayan wuya. Wannan ba baƙon abu ba ne. Ya faru da shi ya fi sau goma. Mutum ya tsaya cak, ya kai hannu baya, ya zame zaren, ya wuce. Amma da ya juya ɗin, zaren ya haɗa har da sabon ƙarfen da igiyar kyamarar da ke ɗaure a wuyan hannunsa na dama, ya janye hannun gefe. Sai ya ɗaga na hagu.

Hannun ya kai kunne ya tsaya.

Ya sake gwadawa, ya karkatar da kai, ya tura. Yatsunsa suna taɓa gashin ƙeyarsa, zaren yana bayan nan da taƙi guda. Ya ji numfashinsa ya fara sauri, ya tilasta masa ya koma daidai. Daga sama igiya ta motsa sau ɗaya. Ya dubi kumfar da ke tashi daga bakinsa, ya kama igiyar, ya ja sau ɗaya.

Da yatsun hagun, a gaban ƙirjinsa inda suke iya kaiwa, ya shiga kwance igiyar kyamara daga wuyan hannun dama. Ƙullin ya jiƙe ya ɗaure. Ya daɗe a kansa. Da hannun dama ya kuɓuta, ya kai shi baya ya zame komar cikin numfashi biyu. Kyamarar tana lilo a jikin zaren. Ya yanke zaren da wuƙa, ya rungume ta, ya tsaya kaɗan a wurin kafin ya hau.

"Ka daɗe," in ji Dogo, yana karɓar tukunyar.

"Jirgin babba ne."

Ranar Laraba Mai Wanki ya fito daga ɗakin duhu da hotuna a hannu, yana kaɗa su don su bushe.

"An yi wa tsohuwa sanda, ta miƙe. Dubi nan, har sawun burushin mai fenti."

Tarwaɗa ya duba su ɗaya bayan ɗaya a tsaye. Bai taɓa ɗaukar waɗanda suka fi su kyau ba. Ya sa su a ambulan, ya bi ta wurin walda, ya wuce ƙofar siton ba tare da ya leƙa ba, ya hau ofis.

Injiniya ta baje su a kan tebur. Ta ɗauki na tsatsar farfela ta kai shi kusa da taga, ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke ajiyar zuciya kamar ita aka yi wa jarrabawar.

"Alhamdulillahi. Baba, ban san me ka yi mata ba, amma kada ka canza. Akwai jirage biyu mako mai zuwa, na sa sunanka."

"Cire shi, Injiniya."

Ta ɗago kai.

"Siton nan, in ba a ba wa wani ba, ina so."

"Wani ya gaya maka wata magana ne? Ni cewa na yi in hotunan ba su fito ba. Ga su sun fito."

Bai iya dogon bayani ba, kuma ba ya son ya ba da labarin komar. Sai ya ja da baya daga teburin, ya tsaya a tsakiyar ofis, ya ɗaga hannuwansa biyu sama kamar wanda aka tare a hanya. Na dama ya miƙe har ya kusa taɓa fanka. Na hagu ya tsaya a gefen kunne.

Ta dube shi, ta dubi hotunan, ta sake dubansa.

"Tun yaushe?"

"Matata ta ce tun bara. Ni ranar Asabar aka gaya mini."

"Dogo ya sani?"

"Zan gaya masa. Zai zage ni, amma zan gaya masa."

Ta zauna. Ta jawo takarda ta rubuta masa ya je asibiti a duba kafaɗar, ta ce wannan ba shawara ba ce. Sannan ta ce ya fara zama da mai siton daga Litinin, kafin wancan ya tafi, ya ga inda komai yake. Ya karɓi takardar ya ninke ta biyu, ya nufi ƙofa. Har ya kama mariƙin ya juyo.

"Abu ɗaya, Injiniya. Kantocin nan na sama a siton, inda ake jera gilasan fuska."

"Me ya same su?"

"A sa kafinta ya sauko da su kaɗan. Ba zan kai ba."